Fashin Baƙi: Yadda Ake Zaɓen Kayan Haɗa Tsohuwar Kwamfutar Gem

Duk wanda ya shigo ɗakina ya ga wata kwamfuta da farinta ya koma ruwan ƙasa tana gurnani a kan tebur, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, me za ka yi da wannan gwangwanin, alhali wayar da ke aljihunka ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba?"

Tambayar ta ƙara yawa tun da kamfanin Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, aka shiga maganar ɗimbin kwamfutocin da za su koma bola saboda ba za su ɗauki Windows 11 ba. Ana cikin wannan jimami kuma sai ga labarin cewa a Turai da Amurka mutane na rububin kayan da suka girmi waɗannan da shekara ashirin, suna zuba kuɗi a kan katin hoto na 1998. Daga nan fahimta ta rabu biyu. Wasu suka ɗauka duk tsohuwar kwamfuta dukiya ce. Wasu suka ce tsabar rashin aikin yi ne, tunda sabuwa za ta buga duk abin da tsohuwa ta buga. Dukansu sun yi kuskure, kuma kuskuren nasu daga wuri ɗaya ya taso: sun ɗauka ƙarfi ne ma'aunin kwamfuta. A wannan harka dacewa ake nema. Kayan da suka yi zamani ɗaya, suka san harshen juna, su ne ke aiki tare.

Wace ce tsohuwar kwamfutar gem?

Kalmar ta tattara zamani uku da ba su da alaƙa sosai. Na farko zamanin DOS, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa wajen 1996, lokacin da mutum ke rubuta umarni a kan baƙin allo kafin gem ya tashi. Furosesar lokacin, wato guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, ita ce 386 da 486, sai Pentium da Intel ya fitar a 1993. Doom, wanda ya fito a Disambar 1993, ɗan wannan zamani ne.

Na biyu zamanin Windows 95 da 98, daga 1995 zuwa wajen 2001. A nan ne hoto mai zurfi, wato 3D, ya shigo gidajen mutane, aka samu Quake da Tomb Raider a 1996, Unreal da Half-Life a 1998. Na uku zamanin Windows XP da ya fara a Oktoban 2001. Shi wannan ba zan daɗe a kansa ba, domin duk wata kwamfuta mai furosesar Core 2 Duo da ke kwance a sito za ta wadatar, kuma kayanta ba su da rigima. Rigimar tana wurin biyun farko.

Me ya hana sabuwar kwamfuta buga tsohon gem?

Dalili na farko shi ne gudu. Masu rubuta gem a da, da yawansu ba su ɗaura saurin wasan a kan agogo ba, sun ɗaura shi a kan saurin furosesa. Wing Commander na 1990 an yi shi ne da 386 a zuciya. Ka sa shi a Pentium, kafin ka ɗora yatsa a kan kibod jirgin maƙiya ya wuce ka ya dawo ya harbe ka. Wannan ne ma amfanin maɓallin nan mai suna Turbo da ke gaban tsofaffin akwatuna: duk da sunansa, aikinsa shi ne a rage gudun inji idan manhaja ta kasa jurewa.

Akwai kuma wani sanannen cikas a manhajojin da aka rubuta da Turbo Pascal na kamfanin Borland. Idan manhajar ta tashi, takan yi ɗan lissafi don ta auna saurin furosesa. Da gudun ya haura MHz 200 ko kusa da haka, sai lissafin ya cika ya tumbatsa, manhajar ta rubuta "Runtime error 200" ta mutu. Gem bai lalace ba, faifai bai karce ba. Linzami ne kawai ya fi ƙarfin bakin kaza.

Dalili na biyu shi ne Windows ɗin kanta. Windows mai bit 64 ba ta tayar da manhaja mai bit 16, kuma Windows 11 gaba ɗayanta mai bit 64 ce. Gem ɗin DOS ba zai tashi a kanta kai tsaye ba, kuma gem da yawa na Windows 95 manhajar da ke girka su mai bit 16 ce, ko da shi wasan mai 32 ne. Ga kuma makullan hana kwafi irin SafeDisc da ke kan faifan CD na asali, waɗanda Windows 10 ta daina karɓa. Sai ka ga mutum da faifansa na halal a hannu, ya kasa buga abin da ya saya da kuɗinsa.

Na uku, wanda ya fi su nauyi, shi ne gem ɗin DOS kai tsaye yake magana da kayan cikin inji, babu ɗan aike a tsakani. Idan bai tarar da katin da ya sani a adireshin da ya sani ba, shiru za ka ji.

Shekara ake fara zaɓa, sannan bod

Kuskuren sabon shiga shi ne ya fara sayen kaya kafin ya yanke shawarar abin da zai buga. Ɗauki takarda ka rubuta gem biyar da kake marmari, ka duba shekarun da suka fito. Shekarun nan su za su zaɓa maka babban allon da komai ke hawa kansa, wanda masu gyara ke kira bod, shi kuma bod ya zaɓa maka sauran.

Idan jerin naka ya tsaya tsakanin 1990 da 1994, gidanka 486DX2 mai MHz 66, wadda ta fito a 1992. Sai dai ba na ba wanda bai taɓa haɗa inji ba shawarar ya fara daga nan. Bod ɗin 486 da jomfa ake saita shi, wato 'yan mitsi-mitsin hulunan robar nan da ake kifawa a kan allurai biyu, kuma idan takardar bayaninsa ta ɓata sai ka wuni kana canki-canka. Kibod ɗinsa mai babban kai ne mai allura 5, maus ɗinsa ta tsohuwar kafar siriyal. Ko a zamaninsa ma an yi ha'inci: an sayar da bod masu araha da aka manna musu guntayen roba marasa komai a ciki, da sunan ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kash.

Mataki na gaba shi ne bod mai mazaunin furosesa na Socket 7, gidan Pentium da Pentium MMX na 1997, da ƙaninsa Super Socket 7 da AMD K6-2 ta hau a 1998. Masu harkar suna ƙaunar wannan gida saboda ana iya rage masa gudu. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin bod da ake buɗewa da zarar an kunna inji, ka kashe kash na cikin furosesa, sai Pentium ta koma tafiyar 386. K6-2+ da K6-III+ kuwa har da manhaja ake sauya musu gudu ba tare da an buɗe akwati ba. Inji ɗaya sai ya yi maka aikin 386 da 486 da Pentium.

Amma da za a ce in zaɓa wa mutum ɗaya, bod mai ɗauke da Intel 440BX, guntun da ke tafiyar da bod ɗin, zan ba shi. Ya fito a Afrilun 1998, yana ɗaukar Pentium II da Pentium III da Celeron, kuma an shaide shi da rashin fitina. Asus P2B da Abit BH6 suna cikin waɗanda suka yi suna. Abin da ya sa ya yi fice shi ne ya zauna a mahaɗar zamani biyu, da ramuka iri uku a jikinsa: AGP mai ruwan ƙasa don katin hoto, PCI farare, sai dogon baƙin ramin nan na can ƙasa, ISA. Idan ka buɗe tsohuwar kwamfuta, wannan baƙin ramin za ka fara nema da ido. Bod ɗin Intel da suka biyo baya, masu 810 da 815, akasarinsu sun yar da shi.

Katin sauti, inda rigimar take

Yau ba wanda ke tunanin katin sauti, tunda a jikin bod yake zuwa. A da kuwa kwamfuta ba ta iya komai sai ƙarar "bip" daga wata 'yar lasifika. Kamfanin AdLib na Kanada ya fitar da katinsa a 1987 ɗauke da wani guntu na Yamaha mai suna OPL2 da ke ƙera kiɗa. A 1989 kamfanin Creative na Singafo ya fitar da Sound Blaster, ya saka guntun Yamaha iri ɗaya, ya ƙara masa iya fitar da murya da ƙarar harbi, da kafar saka sandar wasa. Nan da nan ya kwashe kasuwa, har ya zamana kowane gem na DOS da Sound Blaster yake rantsuwa.

Ga yadda abin yake a aikace. A cikin fayil ɗin AUTOEXEC.BAT akwai layi irin wannan: SET BLASTER=A220 I5 D1. Layin nan kwatance ne, kamar yadda za ka ce wa baƙo gida na uku bayan masallaci. A220 adireshin katin ne, I5 layin da yake bi ya ja hankalin furosesa, D1 kuma hanyar da sauti ke bi daga ƙwaƙwalwa zuwa katin ba tare da furosesa ta ɗauka ba. Ita wannan hanya ta ƙarshe a jikin ISA aka gina ta. PCI ba ta da ita. Shi ya sa katin PCI, ko da Sound Blaster Live! ne na 1998 da ya fi tsofaffin tsabtar sauti, sai ya yi kwaikwayo da manhaja idan an shiga DOS zalla, kuma kwaikwayon wani gem ya karɓa, wani ya ƙi. Wani ma ya daskare gaba ɗaya.

To, ko a cikin katunan ISA ɗin ma sai an duba. Sound Blaster 16 ya fito a 1992 da OPL3 na Yamaha, amma daga baya Creative ya maye gurbinsa da nasa kwaikwayon mai suna CQM a yawancin katunansa, har da AWE64. Sunan kwali ɗaya, kiɗan daban. Wanda kunnensa ya saba zai ji wasu kayan kiɗan sun yi ƙarfe-ƙarfe. Saboda haka masu harkar ba sa tsayawa a sunan kati, lambar da ke jikinsa suke karantawa, irin su CT1740 ko CT2230, su nemi guntun da aka rubuta wa YMF262.

A ganina a nan ne mutane suka fi asarar kuɗi a kan suna. Katunan da aka raina a da, masu guntun Yamaha YMF719 ko ESS AudioDrive, suna kwaikwayon Sound Blaster Pro da kyau, sautinsu sau da yawa ya fi na Creative rashin shuuu, kuma na Yamaha ɗin OPL3 na gaske ne a cikinsa. Wanda kuɗi suka yi wa yawa zai iya neman Roland MT-32 na 1987 ko SC-55 na 1991, akwatunan kiɗan da mawaƙan gem da yawa suka yi aiki da su. Wannan ado ne, ba da shi ake farawa ba. Akwai ma sababbin katunan ISA da masu sha'awa ke ƙerawa yau, irin PicoGUS da aka gina a kan Raspberry Pi Pico, wanda ke iya shiga rigar katuna daban-daban.

Wani ɗan abu da ake mantawa: gem irin Quake kiɗansa a kan faifan CD yake kamar na rediyo, kuma ta wata siririyar waya yake bi daga na'urar CD zuwa katin sauti. Ka manta da wayar nan, za ka ji harbi da kururuwa, kiɗa kuwa babu.

Katin hoto da zazzaɓin Voodoo

Sunan da ke ɗaga farashi a wannan kasuwa shi ne 3dfx. Kamfanin Amurka ne da ya fitar da Voodoo Graphics a 1996, Voodoo2 a 1998, Voodoo3 a 1999. Yana da nasa harshen na musamman mai suna Glide, kuma gem da yawa na 1996 zuwa 1999 da Glide suka fi kyau. A Disambar 2000 Nvidia ya saye kadarorinsa, kamfanin ya rufe. Tunda ba za a sake ƙerawa ba, kuma kowa na so, ka san inda farashi zai nufa.

Abin da mai saye ya kamata ya sani shi ne Voodoo na farko da Voodoo2 ba sa tsayawa su kaɗai. 3D kawai suke yi. Sai an haɗa su da wani katin da zai nuna Windows da rubutu, a ja gajeriyar wayar VGA daga wancan zuwa Voodoo, sannan daga Voodoo zuwa monita. Voodoo2 guda ɗaya yana kaiwa hoto mai ɗigo 800 a kwance da 600 a tsaye. Idan an jera biyu aka ɗaure su da wayar SLI sai su kai 1024 da 768. Voodoo3 kuwa kati ɗaya ne mai yin komai, kuma yana shiri da DOS.

Shin dole sai da Voodoo? A'a. Mafi yawan gem ɗin da ke jin Glide suna jin Direct3D ko OpenGL, harsunan da katunan sauran kamfanoni ke ji. Katunan Nvidia irin Riva TNT2 na 1999 ko GeForce2 MX na 2000, waɗanda aka ƙera da yawan gaske har suka cika ofisoshi, za su buga kusan komai na zamanin Windows 98. Mai son ƙari ya nemi GeForce4 Ti 4200 na 2002. Idan aka haura nan sai a fara asara: wasu tsofaffin gem suna amfani da wata dabarar launi mai bit 8 da Nvidia ya daina tallafawa daga jerin GeForce 6, katunan Radeon na kamfanin ATI kuma sun sha fama da irin hazon da wasu gem ke zanawa a Windows 98. Sabon kati, hoto mafi muni. Ga injin DOS zalla kuwa, S3 Trio64 ko ViRGE na PCI ya isa. An yi masa dariya a fagen 3D, amma kusan babu gem ɗin DOS da ke ƙin sa.

A kula da wutar AGP. Tsohon ramin volt 3.3 yake bayarwa, sabon 1.5, kuma an yi wa kowanne tsaga a wuri daban don kada a yi kuskure. 440BX na 3.3 ne kawai. Idan kati ya ƙi shiga, ba ƙarfi ake sa masa ba.

RAM da faifan ajiya: inda yawa ke zama illa

Windows 98 da RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, mai MB 16 ma tana tashi. Ka ba ta 128 ko 256, ta ƙoshi. Ka haura 512 sai ta fara kukan ƙwaƙwalwa ta ƙare, saboda yadda take ware wurin ajiyar wucin gadi, sai an shiga fayil ɗin SYSTEM.INI an taka mata burki. Idan aka wuce GB 1 tana iya ƙin tashi ma. Shi kuma 440BX yana da tsirfarsa: sandar MB 256 sai mai guntaye 16, takwas a kowane gefe. Ka sa masa mai guntaye takwas, rabi zai gani, ko ya ƙi gani sam. A DOS kuma, ko nawa ka zuba, yaƙin a kan KB 640 na farko ake yinsa, inda direban maus da na CD da na sauti ke cin wurin da gem ke buƙata.

Faifan ajiya ma katanga-katanga ne. Tsofaffin BIOS na 486 suna tsayawa a MB 504. Wasu a GB 8.4, wasu na ƙarshen shekarun 1990 suna daskarewa idan faifai ya wuce GB 32, sannan ga babbar katangar GB 137 da Windows 98 ba ta tsallakewa sai da gyara. DOS 6.22 kuma ba ta iya riƙe yanki ɗaya da ya wuce GB 2.

A nan ban ga dalilin nacewa a kan tsohon kaya ba. Faifan da ya shekara 25 yana juyi, ranarsa kawai yake jira. Ɗan allon da ke mayar da katin CompactFlash ko SD ya zama faifan IDE, irin wanda tsofaffin bod ke ganewa, yana da araha, ba ya ƙara, kuma kana iya zare katin ka kai sabuwar kwamfuta ka zuba gem ka dawo. Wannan ya fi sauƙi, tunda Windows 98 ba ta gane filashi sai an girka mata direba. Haka ma disket: akwai na'urar Gotek da ke zama a gurbinsa tana karanta filashi.

Wuta, da abin da ya same ni

Kwamfutar farko da na saya don wannan aiki gwanjo ce daga Amurka, Pentium III, tsaf da ita kamar ba a taɓa amfani da ita ba. Na kawo ta gida da ɗoki, na jona. Ƙara ɗaya na ji, fau, sai wani farin hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba ya biyo ta fankar baya. Washegari na kai wa mai gyara. Bai ko buɗe ta ba, ya juya bayanta, ya nuna mini wani ɗan jan makunni da farcensa.

"Yallaɓai, ka duba nan kafin ka jona?"

An rubuta 115. Wutarmu kuwa 230 ce. Tsofaffin fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, ba sa gane wuta da kansu kamar cajar waya, da hannu ake tura makunnin. Allah ya taimake ni fawa-fak ɗin kaɗai ya tafi, bai ja bod ba. Ba kowa ke samun wannan sa'ar ba.

Ko makunnin yana daidai, tsohon fawa-fak abin tsoro ne, domin idan zai mutu yakan tafi da maƙwabta. Sai dai sabon ma ba kai tsaye ake ɗauka ba. Injinan da daga layin volt 5 suke shan mafi yawan wutarsu, na yau kuwa daga layin 12, saboda haka sabon fawa-fak mai ɗaruruwan watt zai iya gazawa a kan Athlon na farkon shekarun 2000. Pentium II da III ba su da ci, ba su cika samun wannan matsala ba. Sannan an cire layin volt 5 na ƙasa da sifiri daga sababbin, alhali wasu tsofaffin katunan sauti irin Sound Blaster 2.0 suna buƙatarsa. Wasu kwamfutocin Dell na ƙarshen shekarun 1990 kuma filoginsu kamar na ATX, wato tsarin fawa-fak na gama-gari, yake a ido, amma jerin wayoyin daban ne. Ka haɗa da na gama-gari, ka ƙona. Idan kuwa tsohon tsarin AT ne mai filogi biyu, ƙa'idar ita ce baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya.

Sai kafasita, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye kewaye da furosesa. Daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000 an cika kasuwa da waɗanda ruwan cikinsu gurɓatacce ne, suka riƙa kumbura suna fashewa a bod ɗin kamfanoni da yawa. Ka haska tocila: kan kowace ya zama a shafe. Wadda ta yi tozo ko ta fitar da wani abu ruwan tsatsa ta gama aiki. Wannan gyara ne da duk mai gyaran talabijin da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai yi.

Wanda ba shi da magani cikin sauƙi shi ne batiri. Bod ɗin 386 da 486 da yawa suna ɗauke da wani batiri mai siffar ganga da aka like a jiki. Idan ya tsufa sai ya yi yoyo, ruwan ya bi layukan tagulla yana ci, ya bar wani kore-kore kamar gansakuka a gefen kafar kibod. Duk wanda ya samu irin wannan bod, ya yanke batirin a ranar. Na zamanin 440BX yawanci CR2032 ne mai kamar kwabo, a cire a sa sabo.

Ɓangarori uku da ba sa jituwa

Akwai 'yan asali, waɗanda ke cewa injin 1998 ba za a sa masa ko notin 1999 ba. Su abin da suke nema shi ne yanayin gaba ɗaya, har da ƙarar faifai da jiran lodi, da monita mai ƙeya. A kan monitar suna da hujja mai ƙarfi. Gem ɗin DOS da yawa 320 da 200 ne a gudun hertz 70, an zana su ne don gilashin da ke miƙe hoton ya cika siffar 4 da 3. A faffaɗan allon yau sai fuskoki su baje, da'ira ta koma ƙwai. Amma mai ƙeya tana da nauyi, tana shan wuta, kuma cikinta akwai dubban volt da kan zauna ko bayan an zare ta daga soket. Wanda ba aikinsa ba ne kada ya buɗe. Tsohuwar monita shafaffiya mai kafar VGA, inci 15 ko 17, ta isa a fara da ita.

Akwai masu sassauci, inda nake: tsohon bod, tsohuwar furosesa, tsohon katin sauti da na hoto, amma wuta da ajiya da fanka sababbi.

Sai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, tunda akwai manhajar DOSBox mai kwaikwayon DOS a sabuwar kwamfuta tun 2002, akwai 86Box da PCem da ke kwaikwayon inji sukutum har da Voodoo, akwai shagon GOG da tun 2008 yake sayar da tsofaffin gem a gyare. Gaskiya suna da magana, kuma duk wanda wasan kawai yake so, nan ya kamata ya nufa, ba sai ya kashe ko sisi a kan ƙarfe ba. Inda maganarsu ta gaza shi ne kwaikwayon Pentium II daidai-wa-daida yana buƙatar sabuwar kwamfuta mai ƙarfi sosai, kuma gem ɗin Windows na 1997 zuwa 2001 su ne suka fi taurin kai a wurin masu kwaikwayo.

Abin da ya shafi mai tsohon inji a sito

Injinan da ake nema a can irinsu ne suka cika shagunan buga takardu da gidajen intanet na garuruwanmu a farkon shekarun 2000, Pentium II da III na hannu da aka shigo da su ta Legas. Yawancinsu sun bi 'yan gwangwan a kan kilo, an fasa don tagulla da ɗan zinaren da ke jikin furosesa. Wannan fasawar, a nan da sauran duniya, tana cikin abin da ke rage kayan yana ɗaga kuɗinsu.

Wannan ba ya nufin kowace ta zama zinare. Pentium 4 ta ofis mai hoto a jikin bod, ba ramin AGP, ba ISA, tana nan birjik, ba mai rububinta. Kafin ka miƙa wa ɗan gwangwan, kwance noti biyu ka leƙa. Baƙin ramin ISA, kati mai tambarin 3dfx, kati mai rubutun Creative ko Yamaha ko Roland ko Gravis, furosesa mai kamar kaset a tsaye: waɗannan sun fi kilo daraja. Wanda kuma ya haɗa nasa, kada ya jona shi da intanet. Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 98 tun Yulin 2006. Ya kuma nema masa sitabilaiza, ya riƙa rufe shi da ƙyalle lokacin hunturu, domin ƙura da zafi su ne ke kashe 'yar fankar furosesa.

Kunnawar farko

Kada ka ɗaure komai a akwati tukuna. Shimfiɗa bod a kan kwali, ka sa furosesa da fankarta, sandar RAM ɗaya, katin hoto, kibod, da 'yar lasifikar nan ta bod. Duba jan makunnin baya. Sannan ka kunna.

A BIOS na Award, wanda ke kan yawancin bod ɗin zamanin, gajeren bip ɗaya yana nufin komai lafiya. Dogo ɗaya da gajeru biyu, katin hoto ne bai zauna ba. Dogo mai maimaita kansa, RAM ce. Zare ta, goge haƙoranta na zinare da abin goge fensir, ka mayar. Idan lambobi suka fara ƙirguwa a kusurwar allo, kashe, ƙara abu ɗaya, sake kunnawa. Katin sauti shi ne na ƙarshe da zai shiga, kuma kafin ka sa shi ka shiga BIOS ka ware masa IRQ 5 da DMA 1, wato I5 da D1 ɗin nan na layin SET BLASTER, a matsayin na ISA, don kada wani katin PCI ya riga shi zama a wurin.